Zare Mai Ƙulli Huɗu

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma ina roƙon ku karanta shi har ƙarshe kafin waninku ya ɗauki waya ya kira ni. Nafisa, Mu'azzam, Walida, da ku uku nake. Abin da ya jawo shi, rannan Walida tana kwashe tarkacen akwatina ta ci karo da wani tsohon zare da ya koma ruwan ƙasa, mai ƙulli huɗu, a naɗe cikin ambulan. Ta ɗaga shi da yatsu biyu kamar ta kamo matacciyar tsutsa, ta ce, "Daddy, wannan a zubar?" Na ce ta mayar da shi inda ta gan shi. Tun daga ranar abin yake ci na. Labarin da kuka taso da shi a gidan nan shi ne wai ni na yi dabara, na ga mahaifiyarku ta shiga wani hali, na kai ta wajen koyon harbi, ta warke. Mu'azzam har a walimar aurensa ya faɗa, jama'a suka tafa mini, ni kuma na gyara zaman hula na karɓa. To ba haka aka yi ba, kuma ba na son in mutu da yabon da ba nawa ba.

Sai na fara da kakanku. Kun san maƙeri ne a cikin birnin Kano. Fartanya da lauje da gatari su ne abincinmu, amma in an gama girbi mafarauta sukan zo ya ƙera musu bindigar gargajiya ko ya gyara musu tsohuwa. Baba yana da ƙa'idoji biyu da ban taɓa ganin ya karya ba. Ta farko, ba ya ƙera wa mutum bindiga a bayan idonsa. Ko ɗan wane ne sai ya zo da ƙafarsa, Baba ya cika ƙoƙo da ruwa fal har baki, ya ce ya miƙe hannu ya riƙe, shi kuma ya ci gaba da zuga wutarsa kamar ya manta da shi. In ruwan ya zuba, sai ya ce, "Je ka, ba bana ba." Na ga ƙarti masu gemu sun fita suna huci, Baba ko a jikinsa. Wanda ruwansa bai zuba ba, shi ne zai kai ga ƙa'ida ta biyu. Baba zai ɗauko zare ya auna tafin hannunsa, ya ƙulla a faɗin tafi, ya ƙulla a gindin babban yatsa, ya ƙulla a tsawon manuniya, ya ƙulla a wuyan hannu. Da wannan zaren yake sassaƙa ƙotar bindigar, ta zauna wa mai ita daidai. Mahaifiyarku ta san duk wannan, domin shekara biyu ta yi a gidan tana amarya kafin karatu ya kawo mu Manchester, kuma ita take cika wa Baba ƙoƙon.

A shekarar da nake ba ku labari, muna zaune a wancan tsohon gidan na Longsight, mai matattakalar da take kuka. Ni ina aikin injiniya a wata masana'anta a bayan gari. Rabi, mahaifiyarku, tana ɗibar jini a wajen wani GP, wato likitan unguwa, da ke kusa da kasuwa. Ku ba ku san yadda ake ji da hannunta a unguwar nan ba. Tsofaffin Pakistan da na Somaliya da na Ireland, masu jijiyar da ta ɓuya, sukan ƙi zama sai ranar da take aiki. Wata tsohuwa ta taɓa tare ni a shagon nama ta ce matata tana ɗibar jini kamar sauro mai ladabi. Na dawo na faɗa mata, ta ce, "To ka ji, Bakano. Mu Zage-zagi ko allura muka riƙe da ilimi muke riƙe ta." Haka muke da ita tun farko, ni da baki, ita da baki biyu.

Wata ranar Talata da yamma, ganye ya fara zuba, ta tashi daga aiki tana tsaye a tashar bas a kan Stockport Road. Wani mutum ya zo ta bayanta ya fizge hijabinta da ƙarfi, ya faɗi maganar da ba zan rubuta ba, ya ƙara gaba. Ta faɗi a kan hannunta na dama. Akwai mutane a wurin, da yawansu suka duƙar da kai a kan wayoyinsu. Wata tsohuwar Baturiya ce ta ajiye jakar cefanenta, ta tashe ta, ta cire mayafin wuyanta ta rufe mata kai. 'Yan sanda sun zo, sun rubuta, sun yi iya abin da suka yi, ba a ga mutumin ba. Targaɗen ya warke cikin sati uku. Amma da ta koma aiki ta ɗauki allura, sai hannun ya kama rawa. Ta soki wani dattijo sau uku ba ta sami jijiya ba, dattijon da ya saba yi mata addu'a. Ta ba shi haƙuri, ta cire safar hannu, ta dawo gida a tasi. Daga ranar ta daina fita.

Wata huɗu mahaifiyarku ba ta taka bakin ƙofa ba. Nafisa, kin fi su tunawa, ke kike zuwa cefane kina 'yar shekara goma sha biyar. Labulen falo kullum a sake. In mai kawo wasiƙa ya tura takarda ta ramin ƙofa sai ta zabura. Shayi ma da hannu biyu take riƙe shi. Abin da ya fi kona mini rai, ta daina tsokanata. In na ce Zage-zagi kaza, sai ta ce, "Haka ne." Wallahi gara ta zage ni. Ana nan wasiƙa ta zo daga wurin aikinta, cikin ladabin nan nasu mai sanyi, cewa suna tausaya mata ƙwarai, amma in bazara ta shigo ba ta dawo ba, dole a zauna a sake duba matsayinta. Ta karanta, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin kwandon burodi. Na san in aikin nan ya tafi, ba abin da zai ƙara fitar da ita daga gidan.

A nan ne shaiɗan ya same ni, kuma ta hannun ɗan'uwa ya zo. Akwai ɗan baffana da ke zaune a Amurka. Muna magana ta bidiyo ina ba shi labari, sai ya ce in dakata. Ya kira matarsa ta kawo jakar hannunta, ya zaro wata 'yar ƙaramar bindiga da ba ta fi tafin hannuna ba, ya ce su can haka suke yi, mace ta fita da kayanta babu mai yi mata kallon banza. Ya ce, "Yaya, kai fa ɗan maƙera ne." Wannan maganar ta shige ni. Kada ku yi mini uzuri da jahilci, na san dokar ƙasar nan sarai. Na san irin wannan bindigar haramun ce a nan ga kowa, kuma wanda aka kama da ita shekara biyar ce mafi ƙaranci a gidan yari. Na sani, na ture sanin gefe. Duk lokacin hutun cin abinci a wurin aiki sai in shige mota in rufe, in yi ta duba hotuna a waya. Wannan ta yi nauyi. Waccan za ta turo jakar. Wannan ƙotarta ta yi wa hannun mace kauri. Ina zaɓe ina tsefewa kamar mai haɗa lefe, har na tsayar da guda ɗaya a raina. Ina jin daɗi, wannan shi ne abin kunyar. Wata huɗu ina ganin kaina ba ni da amfani, sai ga shi na sami abin yi.

Saura awon hannu. Wata Lahadi bayan azahar ta kishingiɗa a kan kujerar falo, idonta a rufe, hannun dama a sake. Na tsinko zare daga kwandon ɗinkinta, na durƙusa a hankali, gwiwata tana ƙara. Na ƙulla a faɗin tafi, na ƙulla a gindin babban yatsa, na ƙulla a manuniya, na ƙulla a wuyan hannu. Hannun yana motsi kaɗan-kaɗan ko a cikin barcin da na ɗauka tana yi. Na tuna da ƙoƙon Baba, na kuma kawar da tunanin, don na san amsar. Na tsallake ƙa'ida ta farko na faɗa ta biyu.

Wanda na sa a gaba shi ne Alhaji Tijjani na Birmingham, Allah ya ji ƙansa, wanda kuke kira Uncle TJ. Tare muka yi sakandare. Akanta ne, kuma rabin masu shaguna a Stratford Road shi yake yi musu takardun haraji, don haka na ɗauka babu wanda bai sani ba, na kirki da na banza. Ranar Asabar na ce wa mahaifiyarku aiki ya taso a Birmingham. Ta dube ni, ta ce, "Allah ya tsare hanya." Na kama titi da zare a aljihun gaba. Na isa Sparkbrook kafin azahar, Hajiya Binta matarsa ta ajiye mana tuwon shinkafa da miyar taushe, na ci kamar mutumin kirki. Da muka dawo daga masallaci na ja shi ɗakin baƙi na rufe ƙofa, na faɗa masa abin da ya kawo ni, har na nuna masa hoton.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Sabi'u, wa ya ce maka ni dillalin bindiga ne?"

Na ce, "Ban ce kai ne ba. Na ce ka san mutane."

Ya ce, "Rabi ta san ka zo?"

Na ce, "In ta riƙe ta a hannu za ta gode mini."

Ya tashi ya fita, na ji suna ƙus-ƙus da Hajiya Binta a kicin. Da ya dawo sai ya ce, "To, akwai wanda zai zo bayan la'asar. Shi ya fi kowa sanin wannan harkar. Ka jira shi."

Na zauna ina jira, ina ƙera wa kaina siffar mutumin, wani ƙato mai tabo a fuska. Muka yi la'asar. Can aka danna ƙararrawa. Tijjani ya ce, "Ga shi nan, je ka buɗe." Na gyara riga na buɗe ƙofa. Mahaifiyarku ce a tsaye, cikin doguwar rigar sanyinta ruwan toka, hijabinta a ɗaure tam, takalminta duk ruwa, fuskarta ta yi fari fat kamar wadda ta tashi daga jinya. Ita kaɗai.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ashe ranar Lahadin nan idonta biyu. Ta ji zaren a hannunta, ta ƙirga ƙulli huɗu, ta san ba zobe nake shirin saya mata ba. Sati guda tana jira in yi magana ban yi ba. Da na fita ta kira Hajiya Binta ta tabbatar can na nufa. Nafisa, ke kika ga sauran. Kin ce ta sa takalmi ta cire sau uku, ta tsaya riƙe da mariƙin ƙofa har shayin da kika haɗa mata ya huce. Sannan ta buɗe. Kuma ba tasi ta kira ba, domin ta ce in ta tsaya jiran tasi za ta fasa. Ta taka har Stockport Road, ta tsaya a wannan tashar bas ɗin dai, daidai inda ta faɗi, ta hau bas zuwa Piccadilly, ta shiga jirgin ƙasa, ta sauka a Birmingham, ta ƙara hawa wata bas ɗin. Matar da mai kawo wasiƙa yake firgitawa.

Ba ta gaishe ni ba. Ta raɓa ni ta shige falo, ta gaida Tijjani, ta ce wa Hajiya Binta, "Yaya, ko kina da ƙoƙo a gidan nan?" Hajiya Binta ta ɗauko wanda take dama fura. Rabi ta ce a cika shi da ruwa har baki. Ta tsaya a tsakiyar falon, a kan sabon kafet ɗin Tijjani mai ruwan madara, ta miƙe hannun dama ta riƙe. Ko ƙirga biyar ban yi ba ruwan ya fara tsalle. Ya zubo ta yatsunta, ya gangara cikin hannun riga, ya ɗiga a kafet. Ba ta sauke ba sai da kusan rabinsa ya tafi, kuma idonta yana kaina.

Ta ce, "Me Baba zai ce mini?"

Na mayar da idona kan jiƙaƙƙen kafet ɗin.

Ta ce, "Faɗi mana, ai ka sani."

Na ce, "Zai ce ba bana ba."

Ta ce, "Wannan hannun za ka ɗora wa bindiga a cikin bas, ga yara 'yan makaranta a gaba da baya? In wani ya taɓa kafaɗata don ya ce na yar da safar hannu fa? Ko kuwa so kake a ɗauke ka shekara biyar, ka bar ni da yara uku a gidan da ba na iya fita? Sabi'u, mutumin nan hijabina kawai ya ja. Kai gidan gaba ɗaya za ka ja."

Shekara goma sha takwas muna tare, ranar ce farkon jin sunana a bakinta. Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ta ce a ƙara cika ƙoƙon, ta miƙo mini. Na ce me zan yi da shi, ai ba ni zan riƙe bindigar ba. Ta ce, "Riƙe dai, ɗan maƙera." Na karɓa da isa, na miƙe hannu. Yara, ruwan nan bai ko yi mini kara ba. Nawa ya fi nata zuba. Har a kan takalmin Tijjani. Ina kallon hannuna yana karkarwa kamar ba nawa ba, sai a lokacin na gane wata huɗun nan ni ma a tsorace nake, na dai sa wa tsoron babbar riga na kira shi fushi. Tijjani ya dubi kafet ɗinsa, ya dube mu, ya ce, "To, Kano da Zariya an yi kunnen doki. Binta, kawo tsumma." Sai mahaifiyarku ta tuntsire da dariya, dariyar ta juye kuka, ni ma na zauna a ƙasa cikin danshin na yi nawa. Ban taɓa jin kunya da farin ciki sun haɗu mini a wuri ɗaya irin na ranar ba.

Kada ku ɗauka an yafe mini nan take. A mota har Manchester ba ta ce mini uffan ba, sai sau ɗaya da ta miƙo hannu ta ce in ba ta wayata, ta goge hotunan da kanta ɗaya bayan ɗaya. Sati biyu gaisuwa kawai take haɗa mu. Tijjani kuwa har ya bar duniya in na shiga gidansa sai ya ce a naɗe kafet, ga mai harbi ya iso. Amma washegarin dawowarmu na sauko da safe na tarar da ita a kicin, tsaye, hannu a miƙe, riƙe da kofin shayi cike da ruwa, ta shimfiɗa tawul a ƙasa. Kullum haka bayan sallar asuba. Ni dai na riƙa wanke tawul ɗin.

Maganar kulob ɗin harbi kuma, ita ta samo shi, ba ni ba. Likitan da yake duba ta ne ya ba ta shawarar ta nemi wani wasa da yake buƙatar nutsuwar numfashi, yana nufin iyo ko makamancinsa. Ita kuwa ta bincika ta gano akwai wani kulob ta wajen Stockport da ake harbin takarda da bindigar iska, irin wadda doka ta yarda da ita, mai jefa 'yar dalma kamar ƙwayar dawa. Ana tsayawa nesa da mita goma, hannu ɗaya a miƙe, a saiti wani baƙin ɗigo. Ta ce mini, "Ka ga, ƙoƙon Baba ne, sun dai sa masa maki." Ta ce tana so ta riƙe abin da na so in ɓoye mata a jaka, amma a fili, da rana, gaban mutane, inda ba wanda za ta cuta sai takarda. Na ce zan kai ta. Ta ce a'a, bas za ta hau.

Mai koyar da su wata dattijuwa ce, Maureen, gajera mai muryar maza, wadda ba ta taɓa tambayarta dalilin zuwanta ba. Watan farko harbin mahaifiyarku ko takardar ba ya samu sosai. Wata rana na je ɗauko ta saboda ruwan sama, sai na ji Maureen tana ce mata matsalar ba duka daga hannunta ba ce, ƙotar bindigar kulob ɗin an yi ta ne don hannun ƙato. Ta ce masu wannan wasa da gaske sassaƙa musu ƙota ake yi daidai tafinsu, sai dai samun mai yi ne aiki. Mahaifiyarku ta juyo ta dube ni a hankali, irin kallon nan nata.

Ta ce, "Injiniya, zaren nan ka yar?"

Na ce, "Yana nan."

Ta ce, "To ka jira. Ba yanzu ba."

Sai da aka ƙara sati shida. Wata safiya ta kira ni kicin, ta cika kofi har baki, ta miƙe hannu, ta ce in karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu ƙafa uku ba gaggawa. Na karanta, ina satar kallon tawul. Na shafa. Tawul a bushe. Ta sauke kofin ta shanye ruwan, ta ce, "Yanzu ka ɗauko zarenka."

Itacen da na yi aikin da shi kun san shi, ko da yake ba ku san inda ya tafi ba. Turmin nan ne da ta taho da shi daga Kano a cikin kaya, wanda zafin hitar ɗumama ɗaki ya tsaga gida biyu, ta hana a yar. Icen ƙirya ne, mai taurin tsiya. Na yanko ɓangare mai lafiya, na kai shi rumfar bayan gida. Ni da nake aiki da injinan da ke yanka ƙarfe daidai da silin gashi, na ajiye duk wannan, na koma wa zarto da wuƙa da magagari kamar yadda na ga Baba yana yi. Sati uku ina sassaƙa. In na ɗan ci sai in kira ta ta riƙe, ta ce nan yana danne ta, can ya yi rami, Kanawa dai ba su iya aiki ba sai ciniki. Da na ji wannan na san matata ta dawo. Ranar da Maureen ta ɗaura ƙotar a jikin bindigar da mahaifiyarku ta saya da takardunta, ta jujjuya ta, ta shinshina, ta tambayi wane irin itace ne wannan mai ƙanshin yaji. Rabi ta ce mata kusan shekara ashirin ana daka barkono a cikinsa.

Ta koma aiki saura kwana tara wa'adin wasiƙar nan ya cika. Ni na so ta fara da masu sauƙin jijiya, amma tana shiga ta tambaya ko dattijon nan da ta soka sau uku yana zuwa har yanzu. Aka ce yana nan, ya ƙi yarda da kowa, sai faɗa yake da ma'aikata. Ta ce a kira shi. Ya zo, ya naɗe hannun riga, ya kawar da kai yana salati. Yana cikin salatin ta ce masa ya danne audugar, an gama. Ya ce ba ta fara ba. Ta nuna masa kwalbar. Da ta dawo gida ta ba ni labari tana cire takalmi, kamar ba komai ba, sannan ta shiga ɗaki ta yi sujada mai tsawo.

Lambar nan da ke rataye a falo, ta gasar da aka yi ce ta wajen Birmingham bayan shekara biyu, rukunin mata manya. Kuna wurin, amma ku wayoyinku kuke dannawa. Ni ina bayan layi tare da Tijjani da Hajiya Binta. Ita kaɗai ce mai hijabi a cikin jerin. Harbin ƙarshe ya rage tsakaninta da wata mata da ta shekara ashirin tana wasan. Na ga ta ɗaga hannu, ta sauke ba ta harba ba, ta ja numfashi, ta sake ɗagawa. Hannun ya tsaya cak kamar an kafa shi a bango. Da makin ya fito na manta a ƙasar Turawa nake, inda ake tafi da yatsu biyu. Na yi kabbara da ƙarfi har alƙalin gasar ya juyo. Tijjani ya ja rigata yana cewa in zauna kada in ja mana abin faɗa, shi kuma hawaye har gemu. Da ta sauko na ce mata Zariya ta ci. Ta ce, "Ƙotar dai ta Kano ce, ba zan hana ka wannan ba."

Bindigar nan ba ta taɓa kwana a jakar hannunta ba. Tana cikin akwatinta mai kwaɗo, daga gida sai kulob, daga kulob sai gida. A tashar bas ɗin nan kuwa ta ci gaba da tsayawa kullum har ta yi ritaya, ba komai a jakarta sai carbi da katin bas da ragowar biskit. Wannan ita ce gaskiyar, Mu'azzam, in za ka sake ba da labarin ka ba da shi daidai. Ubanka ya tafi Birmingham ne ya rusa gidansa, uwarka ta bi shi ta dawo da shi.

Yanzu kun ga yadda rubutun nan yake karkacewa. Ciwon da likitoci suka ce ina da shi ya sa hannuna rawar da ba ƙoƙon da zai gyara, shafi ɗaya sai ya ci mini yini. Ɗazu na tsaya a nan don ƙishirwa, na kai hannu ga kofi, ya fara ƙara a kan faranti. Mahaifiyarku tana ɗinki a gefe, ba ta ko ɗago kai sosai ba. Ta ajiye allura, ta ɗauki kofin cike fal, ta miƙo shi da hannu ɗaya daga inda take zaune har bakina. Ta ce, "Sha, Bakano, kada ka jiƙa mini takarda." Na sha har ƙasa, ko ɗigo bai zuba ba.

Walida, zaren nan a bar shi a cikin ambulan ɗinsa.